Benci Ɗaya ko Gado Ɗaya

Daga gadar kogin Kaduna zuwa Sabon Tasha ba wata tafiya ba ce, amma wanda ya bi hanyar yana lura zai tarar da yawa cikin hannayen da mara lafiya yake buƙata ana horar da su a wannan ɗan tsakanin. A Barnawa akwai asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya, inda likitoci ke neman ƙwarewa kan taɓin hankali, da makarantar da ma'aikatan jinya ke komawa ƙaro ilimi a fannin. A Kakuri akwai asibitin St. Gerard na cocin Katolika, wanda yake nan tun shekarun 1950, da makarantarsa ta koyon aikin nas. Ga babban asibitin Gwamna Awan na gwamnatin jiha, ga na Sabon Tasha. Can ta wajen baifas kuma akwai reshen Foli, wato kwalejin kimiyya da fasaha ta Kaduna, inda ake karantar da aikin walwalar jama'a da na tallafa wa masu buƙata ta musamman.

Kowace makaranta da ƙofarta, da kalar yunifom ɗinta, da hukumar da ke tsara mata manhaja ta kuma ba 'ya'yanta lasisi. Likitoci suna da tasu majalisar, nas da ungozoma da tasu, masu haɗa magani da tasu, 'yan lab da tasu, masu gashi da tasu. Jami'an walwala ma sai a 2022 aka yi dokar kafa tasu. Shi ya sa yarinyar da ta fito daga Kakuri da farar riga da saurayin da ya fito daga Foli da difloma, ta yiwu sun sha haɗuwa a keke Napep ɗaya kan hanyar makaranta, amma ranar da za su fara magana kan aiki ita ce ranar da aka shimfiɗe mutum a gabansu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da rashin sanin junan nan yake haifarwa kowa ya ɗanɗana. Ranar 1 ga Yuli, 2014 ƙungiyar likitoci ta NMA ta shiga yajin aiki da buƙatu 24, ciki har da cewa kada a kira kowa kwansaltan a asibiti in ba likita ba. A cikin watan ne Ebola ta shigo Legas, yajin bai ƙare ba sai ƙarshen Agusta. A 2018 sauran ma'aikatan, ƙarƙashin gamayyar ƙungiyoyinsu ta JOHESU, suka yi nasu na makonni shida, daga tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Mayu, suna neman a gyara musu albashi kamar yadda aka gyara na likitoci. Tun 2013 gwamnatin Jonathan ta ɗora wa Alhaji Yayale Ahmed shugabancin kwamitin sasanta sassan, ya miƙa rahoto a ƙarshen 2014, amma har gobe in ka zauna da likita zai ce maka sauran so suke su ci ladan karatun da ba su yi ba, in ka zauna da mai haɗa magani ya ce likita ya mai da asibiti gadon gidansu. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Masana harkar koyar da aikin lafiya sun daɗe suna cewa a makaranta maganin yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto a kai a 1988, ta sake fitar da cikakken tsari a 2010. Sai dai "a koyar da su tare" magana ce mai harshen damo. Wasu abin da suke nufi shi ne a zaunar da ɗaliban benci ɗaya tun ranar da suka shigo, su ji lacca ɗaya, su yi jarrabawa ɗaya, daga baya kowa ya kama layinsa. Wasu kuwa cewa suke a bar kowa ya koyi sana'arsa tukuna, in sun kusa fita a haɗa su kan mara lafiya guda a ce ku ji da shi. Hanyoyin biyu ba abu ɗaya suke koyarwa ba, ba kuma kuɗi ɗaya suke ci ba.

Hanyar benci ba baƙuwa ba ce a Afirka. A 1969 aka buɗe cibiyar koyar da ilimin lafiya ta Jami'ar Yawunde a Kamaru ƙarƙashin Farfesa Gottlieb Monekosso, wanda daga baya ya shugabanci Hukumar Lafiya ta Duniya a nahiyar, da niyyar a yaye tawaga sukutum maimakon likita tilo. A 1972 Jami'ar Ife ta buɗe tsangayar ilimin lafiya da irin wannan tunani. Duka biyun daga baya sun koma salon da aka saba. A Turai, Jami'ar Linkoping ta ƙasar Suwidin ce ta yi suna: tun 1986 ɗalibanta na likitanci da jinya da gashi da sauransu suke fara makonninsu na farko a haɗe, cikin ƙananan rukunoni.

Hujjar masu wannan ra'ayi tana da ƙarfi, kuma ni ban raina ta ba. Yaro ɗan shekara goma sha takwas bai rataya abin awon ƙirji a wuya ba tukuna, ba a fara ce masa dakta ba, bai san wa ya fi wa albashi ba. Wadda ta ara masa nota a ajin farko, ko ta fi shi maki a gwajin ilimin gaɓoɓin jiki, da wuya ya daka mata tsawa a gaban majinyata bayan shekara takwas. Ko ba komai yana da lambar wayarta, kuma duk wanda ya san asibitocinmu ya san rabin aiki da "don Allah ɗan duba min sakamakon gado na shida" yake tafiya. A Kaduna ma akwai ƙarin riba. Tun rikicin 2000 da na 2002 kogi ya zama iyaka, Musulmi suka yi arewa, Kirista suka yi kudu, har aka samu samarin da suka girma ba su taɓa kwana a ɗaya tsallaken ba. Ajin da ya haɗa ɗan Tudun Wada da 'yar Narayi ya yi wani aiki, ko da ba a rubuta shi a manhaja ba.

To amma ai mun riga mun gwada bencin nan, ba mu dai sa masa suna ba. A jami'o'inmu ɗaliban likitanci da famasi da jinya da lab tare suke cika ɗakin lacca a aji ɗaya, su ji fizis da kemistiri da bayoloji, a wurare da dama har su ci gaba da haɗuwa a wasu darussan aji biyu. Ɗaruruwan kai a ɗaki guda, malami can gaba da makirfo mai ƙara. Zaman fasinjojin bas ne: kafaɗa na gogar kafaɗa, kowa na jiran tasharsa. Kuma ba da zuciya ɗaya aka shigo ba. Da yawa cikin masu zaune a wurin, likitanci suka cike a JAMB, maki bai kai ba aka tura su wani kwas. Wanda ya samu ya san ya samu, wanda ya rasa ya san ya rasa, kuma kullum suna kallon juna. Mutanen da suka yi yajin 2014 da na 2018, da yawansu a irin wannan benci suka zauna tare.

Ba mu kaɗai ba ne. Wani bincike da aka buga a 2003 kan ɗaliban makarantar St George's ta Landan, waɗanda aka haɗa su zangon farko, ya nuna sun shigo da nasu zato kan sauran sana'o'in, kuma bayan zaman tare zaton ƙara kauri ya yi. Dalilin ba shi da wuyar ganewa. Ɗan aji ɗaya bai san aikinsa ba balle ya nuna wa wani amfaninsa. Me ɗalibar gashi za ta koya wa ɗalibin likitanci a watan farko, alhali ita ma ba ta taɓa ɗaga ƙafar da ta shanye ba?

Akwai kuma wanda benci ya manta da shi ɗungurungum, wato jami'in walwala. Shi ba ya shigowa ta ƙofar kimiyya. Daga Foli yake fitowa ko daga sashen nazarin zamantakewa, ba ya yin kemistiri, babu laccar da za ta haɗa shi da sauran. Ingila ta koyi tsadar wannan giɓi da ran yarinya: Victoria Climbié, 'yar shekara takwas daga Kwaddibuwa, ta mutu a Landan a Fabrairun 2000 sakamakon azabar masu riƙonta, bayan an kwantar da ita a asibitoci biyu, 'yan sanda da ofisoshin walwala duk sun san da ita. Rahoton Lord Laming na 2003 ya lissafa damar ceto ta aƙalla 12 da aka bari suka wuce. Kowane ofis yana riƙe da guntun labari, ba wanda ya haɗa.

Na ga ƙaramin irin wannan da idona. Wani dattijo maƙwabcinmu, cikin tsofaffin ma'aikatan masaƙun Kakuri da suka durƙushe, hawan jini ya shanye masa ɓarin dama, aka ba shi gado a wani asibiti a garin nan. Ranar sallama babban likita ya zo raun da tawagarsa, ya ɗaga hannun ya saki, ya duba kati, ya ce, "Baba, jiki ya yi kyau, yau sai gida. Ga magani, ban da fashi, ka dawo bayan sati biyu." Gaskiya ya faɗa. Bayan sun wuce mai gashi ta zo ta ce a riƙa kawo shi sau biyu a sati. Ita ma gaskiya ta faɗa. A tagar famasi aka ce ɗaya cikin magungunan babu, aka rubuta sunansa a bayan rasit a sayo a waje. Kowa ya yi aikinsa, kowa ya sa hannu.

A bayan tawagar akwai wata ɗalibar nas riƙe da tire. Ita ta yi aikin dare a ɗakin, ita matar tsohon ta riƙa yi wa hira bayan kowa ya yi barci: ɗaki ɗaya suke haya a gidan yawa, masai na tsugunno ne can ƙarshen tsakar gida, ɗansu mai turo kuɗi gadi yake a Abuja, kuma tsohon in ya sha ruwa sai ya sarƙe shi ya hau tari. Ba ta ce uffan ba a raun. Ɗaliba ba ta magana a raun sai an tambaye ta, kuma ba a tambayarta. Sai da suka fita ta sunkuyo ta ce wa matar, "Mama, in za ki ba shi koko ki ɗaga shi zaune sosai, ki dama da kauri, kaɗan-kaɗan." Matar ta ce, "To 'yata, Allah ya yi miki albarka. Gashin nan fa, kuɗin Napep zuwa da dawowa sau biyu a sati, daga ina?" Yarinyar ta yi shiru. Ba a koya mata amsar wannan ba, ba a kuma taɓa nuna mata ƙofar ofishin da ake kai irin tambayar ba.

Irin wannan rami hanyar gado take son cikewa. Mutanen Linkoping ɗin nan, bayan shekara goma suna haɗa ɗalibai a aji, a 1996 suka buɗe ɗakin majinyata na musamman, na masu matsalar ƙashi, suka damƙa shi ga ɗaliban ajin ƙarshe. Tawaga ɗaya takan yi sati biyu: ɗalibin likitanci, na jinya, na gashi, na koya wa mara lafiya komawa ayyukan yau da kullum. Malamai suna nan, amma a baya suke tsayawa. Ɗaliban ne ke karɓar aiki da safe, su zauna su tsara abin da za a yi wa kowane gado, su taru a kan wanka da ciyarwa da juya mara lafiya, sannan kowa ya yi abin da ya keɓanta da sana'arsa. Ɗalibin likitancin da ya taɓa ɗaga tsohuwa daga gado zuwa kujera, ya ji nauyinta a bayansa, in ya zo rubuta "a riƙa juya ta duk bayan awa biyu" ya san hannu nawa ya kira. Asibitoci a Denmak da Birtaniya da Jamus sun kwaikwayi tsarin.

A aji, ɗalibi yana jin cewa nas tana da muhimmanci. A bakin gado kuwa sai ya wayi gari shirinsa ya rushe don bai tambaye ta ba. Na farkon ana iya haddace shi a rubuta a jarrabawa a manta, na biyun kunya ce, ita kuwa ba ta saurin fita daga jiki. Sannan a nan kowa ya zo da abin hannunsa. 'Yar famasi ta ajin ƙarshe za ta iya cewa wannan maganin da wancan ba sa haɗuwa, ga mai araha da zai yi aiki ɗaya. Ɗan walwala zai yi tambayar da ba ta zuwa bakin kowa: wa zai kwana da shi, bene ne ko ƙasa, akwai ɗa ko ƙungiyar masallaci ko ta coci da za a nema.

In ana neman inda za a fara a kudancin Kaduna, ni Barnawa zan nuna. Shekaru da dama asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya uku ne kacal a duk arewa, wannan da na Kware a Sakkwato da na Maiduguri, don haka daga jihohi da yawa ake kawo mutane, makarantun nas kuma suna turo ɗalibansu fostin. Ciwon ƙwaƙwalwa shi ne ciwon da likita mafi girman kai ma ya san ba zai iya shi kaɗai ba. Tun 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya nuna haka a Aro ta Abekuta, inda ya saukar da majinyata a gidajen ƙauyukan kewaye tare da danginsu, har ya jawo masu maganin gargajiya cikin aikin. Saurayin da tramol ko kodin ya birkita, allura za ta kwantar da shi cikin kwanaki. Abin da zai hana shi dawowa yana hannun masanin halayya, da mai koya masa sana'a, da wanda zai je ya zauna da uban da ya rantse ba zai sake shigar masa gida ba. Inda wannan hannun ya ɓace, iyaye gidan mari suke nufa, kuma mun ga abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa a Satumbar 2019, lokacin da suka fito da mutane sama da 300 daga gida ɗaya, wasu da sarƙa a ƙafa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, tana maganar haƙƙin majinyaci da kula da shi cikin al'umma. Wannan aikin tawaga ne, ko an so ko an ƙi.

Amma kada a ɗauka gado ba shi da illa. Illarsa ma ta fi ta benci zafi, domin a ɗakin majinyata ne girman kan yake zaune da kujerarsa. Masanin halayyar nan na Amurka, Gordon Allport, ya bayyana tun 1954 cewa haɗa mutane ba ya rage ƙiyayya sai an cika sharuɗɗa: su haɗu a matsayi ɗaya, da buri ɗaya, suna buƙatar juna, manya kuma suna goyon baya. Bakin gado yana ba da buri ɗaya da buƙatar juna kyauta. Matsayi ɗaya da goyon bayan manya kuwa sai an yi da gaske. In ka tura ɗalibai shida raun ɗin da aka saba, likita a gaba, matiron a gefe, mai tire a baya, abin da za su koya shi ne inda kowa yake tsayawa, kuma za su koye shi da kyau fiye da yadda lacca za ta koya musu. Ɗalibin likitanci zai zama ƙaramin oga cikin kwana uku, sauran su zama 'yan aike.

Ga kuma ƙarancin hannu. Ɗakin da nas biyu ke riƙe da gado talatin, ga abokan aiki suna ta ficewa Ingila da Saudiyya, wa zai samu sararin tsayawa a baya yana kallon ɗalibai suna shawara? Inda ba mai sa ido, talaka ne zai zama allon gwaji, kuma masu zuwa asibitin gwamnati a Kakuri ba su ne masu iya cewa a'a ba. Benci ba ya cutar da kowa, iyakarsa ya ɓata lokaci. Gado in an yi sakaci rai ne.

Su ma masu bincike ba su ba kowa kambu ba. Bitar da ƙungiyar Cochrane ta fitar a 2013 ta tattara nazari 15 kan koyar da ma'aikatan lafiya a haɗe: bakwai sun nuna amfani, huɗu sakamakonsu ya cakuɗe, huɗu ba su ga canji ba. Kuma babu ɗayan hanyoyin da zai daidaita albashi ko ya sauya dokar 1985 da ta ba likita kujerar shugabancin asibitin koyarwa. Wannan rigimar ta teburin gwamnati ce.

Duk da haka, in aka ce in zaɓa wa wannan tsallaken kogi, gado zan zaɓa, kuma dalilina na farko na lissafi ne. Benci ɗaya yana buƙatar makaranta ɗaya. Nan kuwa asibitin Barnawa na ma'aikatar lafiya ta tarayya ne, St. Gerard na coci, Gwamna Awan na jiha, Foli na ma'aikatar ilimi. Kafin a haɗa su a manhaja guda, 'yan aji ɗaya na bana sun yi ritaya. Amma fostin kowa yana yi. Abin da ake nema a daidaita kalanda, a ware gado huɗu ko shida, a ba tawagar ɗaliban ajin ƙarshe sati biyu, malami ɗaya daga kowane ɓangare. Shugabancin zaman safe ya riƙa zagayawa, yau 'yar nas, gobe ɗan walwala, jibi ɗalibin likitanci. Kada a sallami kowa sai tawagar ta rubuta takarda ɗaya da ta amsa tambayoyin gida, in da hali biyu cikinsu su taka su ga ɗakin. Matar da ke kwana a tabarma gefen gado a ba ta kujera a zaman, don ita za ta ci gaba da aikin bayan kowa ya tashi.

Sai maki. Ɗalibin Najeriya ya san abin da ake ba maki da abin da ake yi don ganin ido, kuma duk abin da bai shiga littafin da malami ke sa wa hannu ba, ranar ce zai je biki. Dole makin ya zama na tawaga, nas ta sa hannu a littafin ɗalibin likitanci, likita ya sa a na ɗan walwala. A nan ne za a ji ihu, don akwai manyan da za su ga sa hannun matiron a littafin ɗan likitanci a matsayin cin fuska. Ɓangaren likitoci sai majalisarsu ta yarda, wannan kuwa doguwar magana ce. Amma na nas da na walwala akwai gajerar hanya: yanzu da makarantun jinya suka koma ba da difloma da babbar difloma, su da Foli duk ta hannun hukumar NBTE manhajarsu take bi, hedikwatar hukumar kuwa tana nan cikin Kaduna, a titin Bida, tsallaken gada kawai.